Kututture Tara a Kan Idon Ruwa

A ƙauyenmu kowa yana da abin faɗa a kan Kawu Lopu. Mata suna cewa shekara ashirin da shida yana bin magudana daga daji har gonakin shinkafa, bai taɓa barin ganye ya toshe ta ba. Maza kuwa tun bara suka sauya baki: tsufa ya ci masa ido. Wasu har su rage murya su ce ya ƙara faɗin tsagar surukinsa a jikin katakon rabo, wanda kowane gida ke samun ruwa ta tsagarsa.

Ni ban ce komai ba. Da ma an san ni da shiru.

Tun ina saurayi nake zama kusa da shi yana zuƙar lofen gora, ina saurare. Yakan ce, "Zesa, kogin can ƙasa numfashi yake yi. Hazonsa ya hau dutse, itace ya kama shi, gansakuka ta sha, ƙasa ta ajiye, sannan ta riƙa sako mana kaɗan-kaɗan. Shinkafa da kifi da agwagwa da kai kanka, duk a kwano ɗaya kuke sha."

Na ji wannan ya fi sau ɗari. Duk da haka, shekara uku da suka wuce na ɗauki gatari na hau bayan idon ruwa, inda ba a taɓawa, na sare itatuwa tara. Na kankare gansakuka, na dasa kayan ƙamshin da fatake ke nema. Na ce daji guda, me tara za ta rage?

Da ranin bara gonakinmu masu hawa-hawa, na can ƙasan dutse, suka tsage. Kifi ya mutu cikin taɓo, wari ya hana mu buɗe taga. Aka taru a gindin bishiyar shawara.

"Tsoho, ina ruwanmu?" in ji Hobe, mai gonar ƙarshe. "Ko cikin lofenka ka ɗura shi?"

Aka yi dariya. Kawu Lopu ya ce, "Ruwan ne ya ragu daga sama."

"Ya ragu a tsagata, ya yi ƙiba a ta surukinka!"

Ina tsugune, ina kallon yatsun ƙafata. Aka karɓe fartanyar mai raba ruwa daga hannun Kawu Lopu. Tun ranar ya daina zuwa zaman maza.

Bana, ana saura kwana biyu a zaɓi sabon mai raba ruwa, na hau duba shukata da hantsi. Sai ga Kawu Lopu durƙushe tsakanin kututturan, kwando cike da dashen itace a gefensa. Ya riga ya dasa sun fi talatin.

"Miƙo min wancan," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Na miƙa.

"Saran ɗan hagu ne," ya ce, yana shafa kututture. "Bahago nawa ne a garin nan? Kai da marigayi ubanka, shi kuwa ba ya hawa dutse yanzu."

"Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"Auren 'yarka saura wata guda a lokacin taron bara. Wa zai ɗauki amarya daga gidan da ya taɓa kan ruwa? Danne ƙasar da kyau, ba kwanciya za ta yi ba."

Na danne. Muka yi ta dashe har rana ta karkata, bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma na haɗiye tawa. Na koma gida, matata ta zuba jar shinkafa, na kasa kai loma.

Ranar zaɓe dattijon gari ya ɗaga fartanyar. Hobe ya miƙe.

"A ba Zesa. Mutumin da bai san hanyar bakinsa ba, ina zai san hanyar cuta?"

Kowa ya amince. Aka ɗora min ita a hannu, ƙotar ta yi santsi da gumin wani. Can baya na hango Kawu Lopu, ya zo ya tsaya nesa kamar baƙo, yana tafa min.

Na san hukuncin wanda ya taɓa idon ruwa: alade na yanka, dashe na shekara bakwai, da sunan da ba zai wanku ba. Na ratsa mutane, na aje fartanyar a gabansa, na durƙusa. Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Jama'a, katakon bai taɓu ba. Ni na sare itace tara a kan idon ruwa, na zauna ina ji kuna zagin bawan Allahn nan. Kawu Lopu, na cuce ka. Ka yafe mini."