Tela Ya Yi wa Bango Riga

Tela mutum ne da bai yarda da abin da ba shi da riga ba. Keken ɗinkinsa yana da riga, rediyonsa yana da riga, hatta rimot ɗin talabijin sai da ya yanka masa 'yar jaka da ragowar yadi. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce rana da ƙura su ne maƙiyan kaya, shi ya ga yadda rana ke koɗar da yadin da aka manta a bakin taga. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, takan ce da yana da iko, da ita ma ya ɗinka mata jaka ya rataye ta a bayan ƙofa. Ba ya musawa, murmushi kawai yake yi ya ci gaba da taka keke.

Ciwon da ya kama Malama na jini ne, kuma maganin da ake ɗura mata a asibiti yana yaƙar ciwon yana kuma karya garkuwar jikinta. Ranar da za a sallame ta, Likita ya ja Tela gefe.

"'Yar murar da kai za ka share hanci ka wuce, ita tana iya kayar da ita," in ji shi. "Ɗakinta ya zama fes. A riƙa wanke hannu, a rage 'yan dubiya. In jikinta ya yi zafi, kada ka tsaya jira, ka kawo ta."

Tela ya fito da maganar nan a ƙirji kamar ya haɗiyi maɓalli. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don bai san yadda ake faɗa da abin da ido ba ya gani ba. Ya aika yaran gidan kakarsu, ya roƙi yayarsa ta zo ta zauna da su, sannan ya rasa abin da zai ƙara.

Ana cikin haka ƙanin Malama ya iso. Injiniya ake ce masa, ko da yake ba injiniya ba ne, ma'aikaci ne a wani kamfani da ke fesa wa bangon asibitoci da ɗakunan girki wani irin shafi mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce shi ma zai yi wa yayarsa abin da ya iya. Ya sa aka fitar da katifa da tufafi, ya zura farar riga tun daga kai har ƙafa, ya ɗaura takunkumi mai hanci biyu, ya kori kowa waje. Ya fesa bango, ya fesa tebur, da ƙarfen gado, da hannun ƙofa. Sai da komai ya bushe sarai ya yarda aka shiga.

Tela ya shiga yana baza ido, bai ga komai ba. Bango yana nan yadda ya san shi, har tabon da ƙusa ta bari. Ya shafa, ya sunsuna yatsa.

"Ina fentin?"

"Yana nan, Yaya. Taitaniyam ake ce masa. Ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin ido, in ka tsaga silin gashi gida dubu ma ba ka kai ƙanƙantarsu ba."

"To da me yake aiki? Ba launi, ba wari."

"Da haske. In haske ya sauka a kansa sai ya farka, duk ƙwayar cutar da ta zauna a kansa ya ragargaza ta a hankali." Wayar Injiniya ta yi ƙara, ya duba, ya fara tattara kayansa cikin sauri. Yana bakin ƙofa ya juyo. "Kada dai a kankare shi, kada a goge shi da abu mai kaushi."

Da wannan ya tafi, aiki ya kai shi wani gari mai nisa.

Yayar Tela kuwa, tun da ta ga takunkumin nan hankalinta bai kwanta ba. Mace ce da ba ta iya riƙe magana a ciki. Ta tare ƙaninta a tsakar gida tana riƙe da ƙugu.

"Kai, in abin nan lafiya ne, me ya sa ya rufe fuskarsa kamar mai ɗibar zuma? Shi ya tsare nasa hancin, ita kuma za ta kwana a ciki?"

"Ya ce ya bushe, Yaya."

"Ni dai na ji an ce a wasu ƙasashe an hana sa irinsa a abinci. Kuma abin da ke kashe mai rai, ta ina ya san wannan ƙwayar cuta ce, wannan kuma matarka ce?"

Tela ya ciro wayarsa. Ya so ya kira Injiniya, amma girman kai ya hana shi, don ba ya son ƙanin matarsa ya ce an yi masa bayani bai gane ba. Sai ya zauna a kan benci ya shiga lissafi shi kaɗai, kuma lissafin mutum shi kaɗai yakan kai shi inda bai nufa ba. In abin nan mai amfani ne, ai bai kamata a bar hannu da ƙura su cinye shi ba. In mai cutarwa ne, bai kamata ya taɓa jikin Malama ba. In haske ke tashinsa, to kullum yana farke yana aiki, kuma duk abin da ke aiki ba hutu yana ƙarewa, batir ma haka yake. Ko ta wace hanya ya bi, wuri ɗaya yake ɓullowa. Abin nan riga yake buƙata.

Ya ji sanyi a ransa, don a ƙarshe an zo inda ya iya. Ya ɗauko yadi mai kauri, shuɗi mai duhu, ya ɗinka labule ninki biyu har da shafi a ciki, ya rufe tagar ruf. Ya yi wa tebur riga mai tattara a gefe. Ya naɗe ƙarfen gado da ƙyalle mai laushi. Hannun ƙofa ma ya yi masa 'yar safa, ya ɗinke ta a jiki da allurar hannu don kada ta zame. Bangon da ke gefen gado ya ja masa yadi daga sama har ƙasa. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce ɗinkin ya karkace ba.

Da aka shigar da Malama, ta tsaya tana laluben hanya.

"Baban yara, ɗakin jinya ne wannan ko gidan hoto?"

"Ki kwanta dai. Na san abin da nake yi."

Bai sani ba, kuma ita ma ta ji hakan a muryarsa, amma ba ta da ƙarfin gardama. Kwanaki suka yi ta tafiya a cikin duhun nan. Ƙaramin ƙwan fitila ɗaya yake kunnawa in za ta ci abinci, ya kashe da zarar ta gama. Yaya ta zo da bokiti da sabulu za ta goge tebur, ya tare ta, ya ce an hana gogewa, a kakkaɓe rigunan kawai. Shayi ya zuba a kan rigar tebur ya bushe a wurin. Safar hannun ƙofa, wadda kowa ke kamawa in zai shiga, ta fara sauya launi, amma ba wanda ya lura saboda ba haske.

Wani lokaci da hantsi Malama takan ce, "Ɗaga min labulen nan kaɗan, ko rana na gani."

"Bari ki ƙara ƙarfi tukuna."

Takan juya fuska bango. Shi kuma ya koma ɗakin gaba ya taka keke, zuciyarsa rabi ta ce ya yi daidai, rabi ta ce akwai abin da ya kuskure, ba ta kuma gaya masa mene ne ba.

Wata safiya ya kai mata ruwan zafi ya tarar tana rawar sanyi, haƙoranta suna haɗuwa. Ya ɗora hannu a goshinta ya janye da sauri. Wannan karon bai zauna lissafi ba. Ya naɗe ta a bargo, ya tari mota, kafin rana ta ɗaga an sa mata ƙarin ruwa da allurai, an kuma hana kowa shiga inda take sai da izini.

Labari ya iske Injiniya, ya baro aikinsa ya taho. Washegari suka je gida tare da Tela don su ɗauko mata tufafi. Injiniya ya tura ƙofar ɗakin, ya ji ƙyalle a tafin hannunsa, ya tsaya. Ya kunna fitilar waya ya haska tebur, ya haska gado, ya haska bangon da ke sanye da shuɗin yadi.

"Yaya, wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Don ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tafi."

Injiniya ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kuma hakan ya fi wa Tela ciwo fiye da a ce ya ɗaga murya.

"Ai bai yi aikin komai ba, Yaya. Ba ya ƙarewa don haske ya taɓa shi, hasken ne abincinsa. Kuma sai ƙwayar cutar ta sauka a kansa shi kansa, ba a kan riga ba. Kun ma riƙa wanke ɗakin kuwa?"

"Kai ka ce kada a goge."

"Da abu mai kaushi na ce. Ban ce a daina wanki ba. Shi taimako ne kawai, ba ya hana sabulu aikinsa."

"To takunkumin da ka sa fa?"

"Wajen fesawa ne ake gudun shaƙarsa, ko in an kankare shi ya tashi kamar ƙura. In ya bushe ya kama jikin bango, an ce ba ya tashi."

"An ce, ko ka tabbata?"

Injiniya ya ce, "Haka aka koya mana. Masu bincike dai har yanzu suna kan bincikensu." Ya sunkuyar da kai. "Laifina ne ma da na yi maka bayani ina tafiya."

Tela ya tsaya a tsakiyar ɗakin da jakar tufafi a hannu. Da ya so a ce masa ya yi kuskure ɗaya tak, ya san inda zai kama ya farke. Amma yanzu Yaya tana da 'yar gaskiyarta, Injiniya yana da tasa, shi kaɗai ne ya ɗinka wa matarsa duhu na tsawon makonni bai san don me ba.

A asibiti ya tare Likita a baranda, ya zayyana masa komai, har safar ƙofa.

"Likita, ni na jawo mata?"

"Ba zan iya ce maka e ba, ba zan iya ce maka a'a ba. Yana iya zama daga hannun wani, ko daga abinci, ko daga jikinta ita kanta. Ko bangon yana aiki, zazzaɓin nan yana iya zuwa." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka kawo ta da wuri, wannan na tabbata da shi. Zafin ya fara sauka. Ka je ka wanke ɗakin."

Ya koma gida ya ɗauki reza. Ɗinkin da ya yi da alfahari, shi ya bi yana farkewa zare bayan zare. Da ya yanke safar ƙofa ya ga yadda cikinta ya yi baƙi da maiƙon hannu. Ya sauke labule, rana ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, ta hau bango, ta hau tebur, ta hau gadon da ba kowa a kai. Ya zuba wa bangon ido ko zai ga alamar farkawa. Bai ga komai ba, tabon ƙusar nan ne dai. Yaya ta shigo da bokiti, ta miƙa masa tsumma mai laushi, suka durƙusa tare.

Da yamma aka bar shi ya shiga wurin Malama, bayan ya wanke hannu har gwiwar hannu. Gadonta yana bakin wata babbar taga da ba labule. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, amma idanunta a buɗe suke. Ya tsaya a kanta yana neman inda zai fara.

"Na cire su duka," ya ce. "Ashe abin haske yake so."

"Ƙanina ya gaya min." Ta yi ɗan murmushi. "Ni ma ai na faɗa maka, amma ni ba bango ba ce."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Hawaye suka cika masa ido, ya kau da kai wajen taga don kada ta gani. Bai ankara ba hannunsa ya hau ƙarfen tagar, ya fara auna faɗinta da taƙi, yadda ya saba.

"Baban yara, kada ka soma."

Ya janye hannun ya ɓoye a baya.

"Kuma matsa kaɗan," in ji ta, tana lumshe ido. "Ka tare min rana."

Ya matsa. Hasken yamma ya sauka a fuskarta, shi kuma ya ja kujera can gefen inuwa ya zauna, hannuwansa biyu a kan cinya.