Makara ta Uku

Ƙarfe bakwai da rabi daidai Maigadi ya tura babbar ƙofar makarantar ya zura sakata. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma ba a taɓa jin ya ƙara wa wani ɗalibi ko minti guda ba. Ya ɗauko littafin makararru daga kan benci, ya tsaya bakin ƙaramar ƙofa. Can ciki ɗalibai sun yi layi a gaban ɗan cocin makarantar, sun fara addu'ar safe.

A bayansa akwai allon dokoki, wanda shi da kansa yake gogewa duk Litinin. Farar safa, baƙin takalmi. Ba waya, ba ɗan kunne, ba jan farce. Makarar farko shara, ta biyu wankin tagogi, ta uku a kira iyaye, ta huɗu a koma gida mako biyu.

Mutum biyu suka makara ran nan. Ta farko wata doguwa ce mai surutu, ta iso tana haki.

"Baba Maigadi, ai ƙafata ɗaya tana ciki ka rufe. Ka rubuta rabin sunana."

Ya rubuta shi cikakke. Da ya ɗago kai, sai ga ta biyu ta tsaya, wuyan rigarta a jiƙe, igiyar takalminta ɗaya a kwance. Auta ce, 'yarsa, 'yar ajin ƙarshe, wadda saura mata mako uku ta fara jarrabawar fita.

"Suna da aji," in ji shi.

"Haba Baba."

"Suna da aji."

Ta faɗa. Ya buɗe shafukan baya ko da yake ya san abin da zai gani. Sau biyu sunanta ya fito, duk da rubutun hannunsa. Babu kowa kusa, doguwar ma ta wuce neman tsintsiya. Ya ɗan riƙe biron a sama, sannan ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi kamar yadda ake yi wa na uku.

Da hantsi sakatariya ta leƙo ta taga ta miƙo masa ambulan na kiran iyaye. Shi ke ba ɗalibai irin waɗannan takardu su kai gida.

"Wannan dai ba za ta sha tafiya ba," ta ce, tana danne dariya.

Ya bar wa mai sharar makarantar ƙofa, ya nufi ofishin Sista, shugabar makarantar. Tsohuwa ce 'yar siririya, tabarau rataye a wuya, ba ta ɗaga murya amma har malamai na gyara tsayuwa in ta gifta. Ya sha shiga ofishin nan ya kawo saƙo, bai taɓa zama ba. Auta na tsaye jikin bango, ƙarƙashin gicciye, hannuwa a baya.

"Yau uba na kira, ba maigadi ba," in ji Sista. "Cire hular aikin ka zauna."

Ya zauna a bakin kujera, hular bisa gwiwa.

"Na tambaye ta dalili, ta ce barci. Ban yarda ba. Idon mai barci daban yake. Kai me ka ce?"

Ya dubi Auta, ita kuma ta dubi ƙasa. Bai saba kawo maganar gida wurin aiki ba, sai da ya gyara murya sau biyu.

"Uwarta ce, Sista. Wata huɗu ke nan ɓarin jikinta ya shanye."

"Wa ke kula da ita da safe?"

"Ni ƙarfe biyar da rabi nake fitowa, saboda ƙofa. Ita ce ke tashinta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci da magani. Sai ƙanwar uwar ta iso sannan ta taho. Ita kuma innar tata sai ta sallami nata yaran."

"Wata huɗu kana gaishe ni kullum kana ce mini lafiya lau."

"Ai gaisuwa ce, Sista."

Sista ta sa tabarau, ta jawo ɗan littafin dokoki, ta buɗe ba tare da lalube ba.

"Ban da ikon goge makara, ka fi kowa sani. In na goge tata, gobe sai na goge ta ɗiyar likita. Ga abin da doka ta ce: bayan makara ta uku, uba ko uwa zai rako ɗaliba da ƙafarsa har ƙofa, mako guda, ya miƙa ta hannu da hannu."

"Ya miƙa wa maigadi," in ji shi a hankali.

"Haka aka rubuta."

"To ni wa zan miƙa wa?"

Sista ta buɗe tafin hannunta a kan tebur. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane. Ya kwance makullin ƙofar daga ɗamararsa ya ajiye mata. Sai ya ji ƙugunsa wani iri, kamar ya fito ba wando.

"Ni dama ƙarfe biyar nake tashi," ta ce. "Ke kuma, ƙaryar barcin nan, ki share ofishin malamai."

Ran Litinin gari ya waye masa a gida, karo na farko cikin shekaru in ba Lahadi ba. Ya tsaya tsakar ɗaki bai san ta inda ake farawa ba. Ya sunkuya zai ɗaga matarsa, Auta ta tare shi.

"Ba ta nan ba, Baba. Ta ɓangaren mai lafiya. Sa hannunka ƙarƙashin kafaɗa."

Ya yi yadda ta ce. Bai zaci matar ta yi rashin nauyi haka ba. Ya zubar da rabin ruwan wanka, ya sa mata riga a baibai, ya kawo maganin rana a madadin na safe. Matar tana kallonsa, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Sabon ɗan aiki," ta ce, harshenta na ja. "Bai iya komai ba."

Auta kuwa ta zauna ta karya kumallo a zaune, littafi buɗe a cinya. Da innarta ta iso, suka fito tare, ita a gaba, shi a baya.

"Ɗaga ƙafa, Baba, za ka ja mini ta huɗu."

Saura minti huɗu suka iso. Sista na tsaye bakin ƙofa, littafin makararru a hammata, hannunta duk tsatsar sakata. Ya ce, "Ga ta." Ta ce, "Na karɓa." Auta ta shige ba ta waiwayo ba.

Haka aka yi har Juma'a. Da aka tashi ran nan, bayan ɗalibai sun watse, ya je ya tsaya bakin ofis yana juya hula a hannu. Sista na rubutu.

"Akwai magana?"

"Mako ya cika, Sista."

"Ya cika," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sakatar nan taka tana son mai. Ka sa mata kafin ka tafi, tana ba ni wuya da safe."

Ya ɗan jira ko za ta mayar masa da makullin. Ta juya shafi ta ci gaba da rubutunta. Ya sa hularsa, ya tafi neman mai.