Awa Arba'in na Agogon Baba

Agogo goma sha ɗaya Baba ya bari a akwatin katako, kowanne ya girme ni. Babu mai batir ko ɗaya. In ka kawo masa mai batir, kallon da zai yi maka sai ka raina kanka. Nasa duk masu wana kansu ne. Akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi a bayansu, in hannunka ya motsa sai ya juya ya ɗaure sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da agogon. Muddin kana motsi, agogo na tafiya. In ka cire ka ajiye, zai yi kamar awa arba'in da abin da ka bar masa, sannan ya tsaya.

Na goma sha biyun shi ne na hannunsa, siriri, fuskarsa ta koma kalar madara saboda tsufa, maɗaurinsa baƙar fata. Masu tara agogo sun yi ta zarya a kansa, Baba ya ba su shayi ya sallame su. Ni ce auta, ni kaɗai na zauna kusa da teburinsa har na koyi gyara, yanzu kuma ni ke riƙe da shagon.

Ranar Talata ya faɗi a shago da rana, muka kai shi asibiti. Mama ba ta matsa daga gefen gadon ba sai da nas ta miƙo takardar magani. Ni ina waje ina kiran 'yan'uwa a waya, sai ta sauka da kanta. Minti goma ta yi. Kafin ta dawo rai ya yi halinsa. Ƙarfe biyar na yamma aka cire agogon aka damƙa mata.

Da muka koma gida ta ɗora shi a ƙaramin faranti, kan teburin gefen gado, ta tara mu.

"Kada wanda ya taɓa min wannan," in ji ta. "Motsin babanku ne a ciki. Ban ga tafiyarsa ba, amma in sha Allahu ina zaune wannan zai tsaya."

Shekara arba'in da ɗoriya tana zaune da mai agogo, ta san lissafin. Alhamis da safe, wajen ƙarfe tara. Ni ce ma na yi wa yayyena kashedi, har da ɗaga murya. Ni!

Ranar Laraba da la'asar falo ya cika da masu ta'aziyya, Mama ta aike ni ɗakin in ɗauko mata tabarau. Kwana na yi ban runtsa ba, kaina kamar ba nawa ba. Abin da ya sa nake bayani shi ne, kowace safiya a shago nakan bi agogunan da ke ajiye ɗaya bayan ɗaya in wana su, sau ashirin ashirin, don kada man ciki ya daskare. Baba ne ya ɗora ni a kai tun ina 'yar shekara tara. A wurinmu agogo a ajiye abin tausayi ne.

Wallahi ban san na ɗauka ba. Ina tsaye ina neman tabarau da ido, yatsuna suna aikinsu. Sai da bakina ya ce "ashirin" na dubi hannuna.

Innalillahi. Na mayar da shi farantin. In an wana agogo, ba ya warwaruwa rabi, a ce ga na Baba, ga na Auta. Duk sun haɗu a sifirin ɗaya. Na kai mata tabarau, ta ce Allah ya yi min albarka.

Alhamis tun bakwai ta ja kujera gaban teburin. Ta ce a gaya wa baƙi su yi haƙuri. Na kawo shayi, ya huce a inda na ajiye. Na zauna a bakin gado ina kallon ƙeyarta, ita tana kallon ɗan tsinken sakan yana zagaye.

Tara ta yi. Goma ta wuce. Wajen sha ɗaya ta yi 'yar dariya, irin wadda ban ji ba tun Talata.

"Kin ga babanki ko? Taurin kai. Ko biki muka je sai an fara kwashe kujeru yake tashi."

"Haka ne, Mama."

Dariyar nan ta fi komai yi min ciwo. Na san agogon ba zai tsaya ba sai Juma'a da safe, na kuma san matar nan ba za ta ci ba, ba za ta kwanta ba. Na je na ɗauko 'yar sukundireba na sa a aljihu. Buɗe bayansa in saki sifirin, aikin minti biyu ne a wurina, in ta tashi salla. To amma sai ta dawo ta tarar ya tsaya ba ta nan? Kai, Auta, in ji zuciyata, wannan ai ya fi na farko muni.

Ƙarfe biyu idanunta sun yi ja, tana tsoron ko ƙiftawa. Na sauko daga gadon na durƙusa kusa da ƙafarta.

"Mama, ni na wana shi."

Ba ta juyo ba.

"Jiya, da kika aike ni tabarau. Hannuna ne ya yi, ban sani ba. Ki yafe min."

Ana jin hayaniyar mata a falo, wani yana jan kujera.

"Sau nawa?"

"Ashirin."

"Yadda ya koya miki." Ta gyaɗa kai a hankali. "To na babanki, yaushe ya ƙare? Ina zaune a nan da tara. Ko lokacin ne?"

Da na ce e, da ta yarda. Na san haka sarai. Amma bakina ya ƙi.

"Ba a iya sani, Mama. Sun gauraya."

Ta cire tabarau ta naɗe ta ɗora a cinya. Hawaye ya sauko mata, ba ta share ba.

"Sau biyu ke nan ban ga tafiyarsa ba," in ji ta.

Na fashe da kuka, na rungume ƙafarta. Na so ta zage ni, ta mare ni ma, da na ji sanyi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na ce in tana so zan zauna da ita har gobe mu ga tsayawarsa tare, ba zan motsa ba.

"A'a." Ta ɗauki agogon daga farantin, karo na farko tun da ta ajiye shi. "Kawo hannunki."

Na miƙa. Sai da ta gwada sau uku kafin ta sami ramin ƙarshe na maɗaurin, duk da haka ya yi min yawa.

"Na babanki na zauna jira," ta ce. "Wanda ke ciki yanzu naki ne. Ni ba zan zauna in kalli naki ya tsaya ba, Auta. Tashi ki fita da shi."