Ranar da Baba Ke Cin Abinci

Saura mutum ɗaya a cika masu lafiya arba'in da ake nema don wani bincike, sai Auta ta rubuta sunan mahaifinta. Ita ce nas ɗin da ke manna wa mutane na'urar a damtse, 'yar mitsitsiya kamar maɓallin riga, mai auna yadda sukarin jini ke hawa da sauka bayan cin abinci. Baba bai musa ba. Tsohon tela ne, bai taɓa kwanan asibiti ba, kuma duk abin da Auta ta ce ya zauna.

Bayan mako biyu ta buɗe sakamakonsa a kwamfutar ofis. Layin kowa na hawa tudu sau uku a rana, na Baba kuwa a shimfiɗe kamar tabarma. Amma a takardar da aka ba shi ya riƙa rubuta abin da ya ci, ya sa shayi da burodi, shinkafa da kifi, har da lemo.

Ta kira shi, ko gaisuwar kirki babu. "Baba, ka fama abin nan wajen wanka ko? Sai da na ce ka kula."

Ya ba ta haƙuri. Ta je ta canza masa wata, a tsaitsaye.

Ta biyun ma haka. Sai da ta nutsu ta ga ashe akwai tudu, ƙato guda a mako: Asabar, ƙarfe biyu, lokacin da take kai masa abinci su ci tare tana latsa waya. Sauran ranakun ɗan motsi ne da safe, na shayi. Asabar ɗin da ta ce aiki ya riƙe ta, babu komai.

Kunya ta rufe ta. Wata takwas da rasuwar Mama, tana ta auna cikin bare, ba ta lura nata uban ya rame ba. Ina za ta lura, mutumin da ke rage wandonsa da kansa?

Ranar Talata da rana ta same shi a bakin keken ɗinki. A kicin tukwane na kife, sun yi ƙura. Ta durƙusa ta nuna masa takardar sakamakon.

Baba ya daɗe yana kallon layin.

"In na zuba a faranti ni kaɗai, ba ya wucewa," ya ce a hankali. Sai ya naɗe hannun riga ya miƙo mata damtse. "Na ɓata miki aiki ko, Auta? Manna mini wata. Wannan karon zan daure in ci, kada a yi miki faɗa a ofis."