Tulun Malam Jalo

"Wa ya fito da tulun nan? Ina murfinsa?"

Liatu ce ke tambaya, tsaye a tsakar gidan maƙwabcinta Malam Jalo a Inkil. Tulun ƙarfen na jingine da katanga, rana na dukansa, bakinsa a wangale. Ko ɗan farin tururin da ya saba tasowa babu.

Mansir, babban ɗan Malam, ya fito da makullin mota a hannu. "Ni ne, Mama. Tun shekaranjiya. 'Yan dubiya na shigowa, a ce ga maniyyin bijimi a gefen gadon mara lafiya? Ƙazanta ce. Murfin kuwa na cire ne ya sha iska."

"Ya sha iska!" Liatu ta ɗaga murya. "Duk bokon da ka yi, har ka gina gida a Gwallameji, ka kasa buɗe baki ka yi tambaya? Da wannan ƙazantar ubanka ya raine ka!"

Shekara talatin Malam Jalo ya yi yana malamin dabbobi. Yana da wani jan bijimi, na ƙarshe daga garken kakansa, wanda 'ya'yansa ba su cika ciwo ba. Kafin bijimin ya mutu, Malam ya ɗebi irinsa ya zuba a 'yan siraran bututai, ya daskarar cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi a wannan tulun. Damuwarsa ita ce sanyin da ke adana irin shi ke raunana shi. In an narkar, rabi sun mutu. Sai ya fara haɗa bitamin da ruwan ganyen zogale a cikin gwaiduwar ƙwan da ake gauraya irin da ita, don su kare ƙwayoyin daga lalacewa. Waɗannan bututan yakan ɗaura musu koren zare. Liatu, wadda ta yi ritaya daga ɗakin gwajin asibiti, ita ke ƙirga masa masu rai a madubin gwaji mai nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani, duk Asabar. Shekara huɗu suna haka, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

Daga ɗaki aka ji muryar Malam a shaƙe, yana kiran Liatu da sunan da ya saba. "Maman Juliana, na ji komai. Duba mini."

Ta zura hannu. Tulun ya bushe, sai ɗan sanyi-sanyi a can ƙasa. Ta ɗauko madubin ta kafa a bakin taga, ta fasa bututu marar zare. Ba motsi. Ta fasa mai koren zare, ta daɗe a sunkuye.

"Nawa?"

Ta so ta yi masa ƙarya, amma ba su taɓa yi wa juna ba. "Uku, Malam. Suna kaɗa wutsiya da ƙyar. Masu zaren ne kawai."

"Ashe zogalen ya riƙe su." Ya lumshe ido. "Amma uku ba sa ba saniya ciki."

Mansir ya durƙusa a bakin gado. "Baba, ka yi haƙuri. Sai in sa a kawo maka wani, na Turai ma, wanda ya fi..."

"Fita."

"Baba..."

"Na ce fita!" Tari ya sarƙe shi. Matarsa Kubura ta tallabe shi tana salati.

Washegari bayan la'asar Malam ya cika.

Liatu ta zauna da Kubura kwana uku, tana ɗora tukunya tana saukewa. Sau biyu Mansir ya zo gaishe ta, idanunsa jawur. Ta amsa da "lafiya" a taƙaice, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta san fushi da maraya a gidan makoki bai dace ba, amma zuciyarta ta ƙi sauka.

Ran sadakar uku da hantsi, wani makiyayi mai suna Ya'u ya iso daga ruga, janye da farar saniya. Bai ji labari ba. Ya ce Malam ne ya yi masa alkawarin irin jan bijimin tun damina, in ta fara neman namiji ya kawo ta. Maza da ke zaune a kan tabarmi suka sunkuyar da kai, kowa na duban ƙasa.

Liatu na kallo daga bakin zaure. Ya'u ya tuɓe takalmansa ya tsuguna, igiyar tana hannunsa. Saniyar ta miƙa wuya tana lasar katanga.