Dashen Ɗoɗɗoyar Baba

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya ja Auta gefe ya lissafa mata dokoki da yatsunsa: ban da sunkuyo, ban da ɗaukar abu mai nauyi, ban da shiga rana, ban da ɓacin rai, har tsawon mako uku. Ido ɗaya ya rage wa tsohon, kuma shi aka yi wa aikin cire yana.

"Idan aikin nan ya ɓaci," in ji likita, "ba ni da wani idon da zan ba shi."

Auta tela ce, labule da zanin gado take ɗinkawa a wani ɗan shago da ke bakin titi. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage a gidan. Baba kuwa tsohon mai gyaran famfo ne, da ya ajiye aiki sai ya mayar da bayan gida lambun ɗoɗɗoya. Shekara goma sha tara yana zaɓar irinsa da hannunsa, wata mai faɗin ganye wadda ba ta saurin yin fure ko zafi ya tsananta. Bara danshi ya shiga kwalbar irin ya ruɓar da shi, abin da ya tsira bai cika cokalin shayi ba. Da sanyin dare ya janye, Baba ya yafa shi duka a kwalin ƙwai guda huɗu, ya barbaɗa ƙasa sama-sama, ya samu tsiro ɗari da ashirin. Ana haka asibiti suka kira shi.

Kwana biyu da dawowarsa, yana kwance a ɗaki an sauke labule, ya kira ta.

"Auta, je ki ƙirgo mini ganyen yaran nan."

Ta je ta dawo. "Shida-shida ne, Baba, wasu takwas."

"To sun isa dashe. Kada su wuce gobe. Zafi na tafe, in suka daɗe a kwalin saiwar za ta nannaɗe. Fangalin na riga na gyara shi, na sa taki. Ki bar taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu, ki ciro kowanne da ƙasarsa..."

Wayarta ta yi ƙara a daidai nan. Wata mata ce da ke jiran labulen sabon gidanta. Auta ta sa wayar a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana wajen Baba, tana ta cewa to, to. Da ta gama, maganin da ya sha ya riga ya sa barci ya ɗauke shi.

Washegari ta yi alkawarin kai labulen da yamma, don haka ta ce bari ta gama da lambun tukuna. Ta fara wajen ƙarfe sha ɗaya, ta gama ƙarfe ɗaya saura, rana na dukan ƙeyarta. Ta jawo tiyo ta fesa musu ruwa ta sama har ganyen ya yi sheƙi. Ta tsaya ta kalle su a jere, har ta ɗan ji daɗin kanta.

Da ta dawo gab da faɗuwar rana ta leƙa bayan gida. Babu ko ɗaya a tsaye. Duk sun kwanta a ƙasa lakwas, kamar zaren da aka tsoma a ruwan zafi.

"Auta, ke ce? Yaya yaran?"

"Lafiya lau suke, Baba."

"Madalla. Yanzu za ki dasa ke nan?"

A nan ta gane abin da ya wuce ta jiya: da yamma ya ce a dasa. Ta jingina da bango. "Eh, yanzu zan fara," ta ce. Ta fita ta zauna a kan bokiti kusan awa ɗaya, tana buga ƙaramar fartanya a ƙasa lokaci-lokaci don ya ji kamar ana aiki.

Da safe wasu suka ɗago kai, ta ce alhamdu lillahi. Kafin tsakar rana suka sake zubewa. Sai ta ɗauka ƙishirwa ce. Ta ba su ruwa da safe, ta rufe shago ta dawo ta ba su da rana, ta ƙara da yamma. A kwana na uku ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, wasu gindinsu ya yi baƙi. A shago ta ɗinka gefen labule a baibai sau biyu, ta zauna tana farkewa. Duk sanda ta shiga ɗiga wa Baba magani a ido sai ya tambaya, ita kuma ta ce lafiya lau, tana kallon ƙasa duk da ta san ba ya ganin fuskarta sosai.

Ta kira yayanta da ke aiki a wani gari mai nisa.

"Ke dai ba ki da dama," in ji Yaya. "Ciyawa ce fa. Je ki wajen masu sayar da shuke-shuke ki sayo wata ki maye gurbin. Amma ki rufa mini asiri kada ya ji. Kin san halinsa, fita zai yi."

"Yaya, Baba ne fa. Zai gane."

"Da wane idon?"

Ta je ɗin. Mai sayar da shuke-shuken ya nuna mata ɗoɗɗoya a baƙar leda, ganyenta ƙanana, wasu har sun fara fure. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina. Ko ita da ba ta san komai ba ta ji ba ɗaya ba ne. Ta yi godiya ta juyo hannu rabbana.

Tana shiga gida ta ga ƙofar ɗakin Baba a buɗe, gado ba kowa. Ta yar da jaka ta ruga. Yana tsaye a ƙofar baya, ya yafa tawul a ka, yana laluben sakata. A waje rana ce tsaka, fara fat.

"Baba!" Ta shiga tsakaninsa da ƙofar ta kafa bayanta. "Don girman Allah kada ka buɗe."

"Matsa ki ba ni wuri."

"Ba zan matsa ba."

Tunda take ba ta taɓa ce masa haka ba.

"Shekara talatin ina bin ƙarar ruwa a cikin bangon mutane," ya ce. "Sau uku a rana kike buɗe famfon nan, kowanne ya fi minti ashirin. Shinkafa kika shuka mini? Me kika yi musu?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa masa komai: dashen tsakar rana, fesa ruwa ta sama, zaman da ta yi a kan bokiti, har zuwanta wajen mai shuke-shuke. Tana magana tana kallon jijiyar goshinsa, tana tuna maganar likita.

"Ka zage ni, Baba, ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma a zaune, a cikin ɗaki."

Can ya saki sakatar. "Riƙe ni mu koma. Sannan ki ɗebo mini ƙasar fangalin cikin hannu, ki ciro mini guda ɗaya da saiwarsa."

Ta zaunar da shi a falo, ta kawo. Ya dunƙule ƙasar, ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsunsa. Ya shafa saiwar a hankali, ya kai hanci.

"Rana ta buge su, ke kuma kin zo kin nutsar da su. Amma wannan bai mutu ba, saiwarsa da sauran ƙarfi. Saurara da kunne biyu yau. Kashe wayar nan."

Ta kashe.

"Kada ki ƙara ba su ruwa sai kin tura yatsa ƙasa har gaɓa biyu kin ji ta bushe. In za ki ba su, da sassafe, a gindi, ba a ganye ba. Waɗanda gindinsu ya yi baƙi ki cire ki zubar, kada ki ji tausayinsu. Ganyen da ya yi rawaya ki tsinke. In ƙasa ta sha iska ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a tsakani. Sai babban abu, inuwa. Ɗoɗɗoya na son ranar safe, amma ranar yamma a wannan zafin wuta ce. Da ina da ragar inuwa, sai dai ta yage tun bara."

Auta ta share hawaye. "Farin labule mai shara-shara zai yi?"

"Iska na ratsa shi?"

"Sosai."

"To me kike jira?"

Ta koma shago ta zazzage buhun ragowar yadi. Ta haɗa ƙyalle goma sha ɗaya, ta bi gefen da ɗinki biyu, ta sa madauri a kowace kusurwa. Kafin yamma ta kafa sanduna ta ɗaure shi ta ɓangaren faɗuwar rana, ya ɗan rufo saman fangalin. Ta ciccire matattun tana ƙirgawa a zuci, talatin da huɗu.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta samu natsuwa ba. Ganin tsiro a langaɓe kuma a hana ta ba shi ruwa ya fi komai yi mata wuya. Sau biyu ta kai hannu kan famfo, ta ji gyaran muryar Baba daga ɗaki, ta janye. Kowace safiya ta tura yatsa ƙasa, ta zo ta ba da rahoto a bakin ƙofa. Wasu goma sha biyar suka ƙara mutuwa. Wata rana iska ta tsinke madauri ɗaya, labulen ya faɗa kan layi guda, ta taho daga shago da gudu don maƙwabciya ta kira ta. Ga kuma idon Baba da ya yi ja kwana biyu bayan tsayuwarsa a ƙofa. Ta kai shi asibiti, ta zauna a benci tana murza gefen mayafi har aka kira su. Likita ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce aikin na nan daram, ya canza maganin ɗigawa.

A rana ta tara ta ga sabon ganye, ƙanana biyu masu ɗanyen kore, a kan wani da ta riga ta fid da rai da shi. Ta duba na kusa, shi ma haka. Ta bi layi-layi a tsugune. Saba'in da ɗaya suka rayu.

Da mako ukun suka cika aka yarda Baba ya fita da sassafe, da baƙin tabarau. Ya zauna a kujera a bakin fangalin ya daɗe yana kallo.

"Layin nan naki," ya ce, "kamar tafiyar maciji. A haka kike wa mutane ɗinki?"

Ta yi dariya, karon farko cikin kwanaki.

"Kawo almakashinki. Kin ga wancan dogon? Yanke kansa, daidai saman ganye biyun nan."

"In yanke? Baba, da ƙyar fa ya rayu."

"In ba ki yanke ba zai tafi sama shi kaɗai kamar sanda. In kin yanke zai fito da reshe biyu. Goma na can ƙarshe ne kawai za mu bari su yi fure, saboda iri."

Ta tsuguna, ta sa almakashin, ta tsaya, ta waiwayo ta kalle shi.

"Yanke mana, rana na yi."

Ta yanke. Ƙamshin ya tashi ya cika mata hanci. Ta matsa ga na gaba, Baba na nuna mata da sanda daga inda yake zaune, har suka kai ƙarshen layin farko.