Waƙar Rijiyar Hama

Ni Sallau, duk Birnin Lalle an san ni da abu guda: ba a yin abu a gabana in yi shiru. In makaɗi ya sauka gari, kafin ya ɗaure gangarsa na gama yanke masa hukunci. In an yi kokawa, wanda aka kayar bai gama kakkaɓe ƙasa ba zan faɗa masa inda ya aza ƙafa ba daidai ba, ni da ban taɓa kayar da ko ɗan akuya ba. Malam Harisu yana da wani littafin waƙoƙin wa'azi da ya kwafo a Katsina, yakan karanta mana bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ban san alif ba, amma sai da na gaya masa cewa mai littafin ya daɗe a bayanin wuta, da ya zo aljanna kuma ya yi gaggawa kamar ana korarsa. Malam ya ce in ji tsoron Allah. Labarin duniya kuwa, wa ya kai wa wa hari tsakanin Maraɗi da Katsina, wane ayari aka tare a hanya, ni ke tace shi a rumfar maƙera in raba wa jama'a. Matata Halimatu takan ce da bakina fartanya ne, da rumbunmu ya fi na kowa.

A shekarar da nake ba da labari kaka ta yi kyau, kuma mu nan kaka mai kyau ita ke fito da mahara. Dawaki sun ƙoshi, raƙuma sun ƙoshi, hanya ta bushe. Shi ya sa muke da wata rijiya a dajin Dakoro, tafiyar rabin wuni daga gari. Kakanninmu suka haƙa ta, suka ƙi sa mata suna da gangan. "Can" muke ce mata, ko yaro ya san ba a ƙara komai a kan haka. Da zarar an kwashe amfanin gona sai a tattara shanun unguwarmu duka a kai su can, su zauna har ruwan farko. Mahara sun sha zagaya garin su tarar da turaku wayam, su koma suna zagi.

Mai riƙon shanun shi ne Hama, Bafulatani, abokina tun muna tsallaka rafi tsirara. Shi da matarsa Safi kaɗai ke zaune can, kuma a shekarar tana da tsohon ciki. Hama mutum ne da za ka wuni da shi bai yi magana goma ba. Ina jin shi ya sa muka shirya, don bai taɓa katse ni ba.

Ana cikin wasannin kaka wani mai gurmi ya zo, ana ce masa Maraya. Siriri ne, muryarsa kuwa Allah ya ba shi. Ya zauna a dandali ya wasa manyan unguwa ɗaya bayan ɗaya: wannan giwa, wancan zaki, na ukun hadarin gabas. Aka yi ta ba shi damen hatsi da zane. Ni kuwa sai na miƙe tsaye.

"Maraya," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "wagga waƙa na ji ta bara Tsibiri, bakin wani. Can ma giwa ce, can ma zaki ne. Sunan mutum kaɗai ka sake."

Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Ya aje gurminsa ya ce, "To Baba, mi ad daɗin waƙa in ba yabo ba?"

Da ya zage ni da na tsira. Amma tambayata ya yi, a gaban mutane, kuma ni a duniya babu abin da ke kumbura mini kai kamar a tambaye ni. Na ɗauke shi zuwa gidana, na sa Halimatu ta dama mana fura, muka zauna a inuwar zaure da rana tsaka.

Na ce masa waƙa ita ce wadda mutum zai rufe ido ya ga abin. Ba wanda ya taɓa ganin zaki ya ba da dame. Na ce ya bar masu manyan riguna, ya nemi mutumin da ke aikin da gari ke ci, kamar Hama. Ya ce wane ne Hama. Sai na shiga zuba. Na faɗa masa yadda za ka bar jan tudu a hannun dama ka gangara kwari, ka hango gawo uku, guda tsawa ta tsaga shi biyu amma bai mutu ba. Na faɗa masa yadda Hama ke tsayawa a bakin rijiya, takarkari na ja da igiya, guga na fitowa da ruwa mai sanyi, shanu na jira babu mai ture wani. Ina magana ina jin daɗin bakina. Kuma wallahi a raina ban karya al'ada ba, don ban kira sunan wuri ba, wurin ma ba shi da suna.

Ran kasuwa Maraya ya zauna gindin tsamiya ya taɓa gurmi, ya fara:

Bar jan tudu ga hannun dama,
gawo ukku, guda tsawa ta tsaga,
Hama na ja, bijimi na ja,
ruwa na hitowa da sanyi nai.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: ban taɓa jin waƙa mai kyau irin wannan ba. Masu awo suka bar awo. Wata tsohuwa mai daddawa ta share hawaye. Kafin ya zagayo sau uku 'yan mata sun ɗauki amshi, fataken da suka zo daga nesa suna kaɗa kai. Ni ina tsaye ƙirji a buɗe ina jiran a ce wa ya koya masa. Sai na haɗa ido da Halimatu daga rumfar masu nono. Ba ta kaɗa kai. Kallona take yi kamar ta tarar da ni na bar wuta a gindin rumbu.

Da yamma dattawa suka kira Maraya. Ba su yi masa faɗa ba, don baƙo ne, bai san komai ba. Suka ba shi riga suka roƙe shi ya binne waƙar. Ya rantse, kuma na yarda ya cika, don da safe ya bar gari kansa a sunkuye. Ni kuwa ba wanda ya ce mini uffan, abin da ya fi duka ciwo. Mai unguwa ya ce a ɗauke shanun, amma a kai su ina? Sauran rijiyoyin duk a bakin hanya suke. Aka ce a bari a gani, wataƙila waƙar ta mutu.

Ba ta mutu ba. Mata suna daka da ita. Aka hana, suka koma yin ta a maƙoshi. Wani da ya dawo daga Tsibiri ya ce ya ji ta a can. Na riƙa lallashin kaina cewa jan tudu ai da yawa, gawo kuma ba a ƙirga shi a ƙasar nan. Safi ta haihu namiji, na aika da ragon suna ta hannun mai kai musu hatsi, ni kaina na kasa zuwa don kunya. Sati uku suka wuce babu abin da ya faru, har na fara komawa rumfar maƙera.

Kwana shida bayan sunan, ran kasuwa da hantsi, ayarin gishiri ya sauka. A cikinsu akwai Intalla, wani Buzu da muka saba, nakan sayi gishirin shanu a wurinsa. Yana kwance kaya yana rera waƙar a hankali. Na yi kamar ban ji ba. Sai ya wuce inda na sani, ya shiga wani baiti:

Hwatar rago bisa ƙaya tana shan rana,
kare guda, shi ma da ɗingishi,
baka guda rataye ga gawo,
Hama na ja, bai waiga ba.

Ban gaya wa Maraya wannan ba, ba yadda za a yi in gaya masa, don ranar da muka sha fura ragon nan yana ɗaure a gidana yana cin harawa. Kuma ni da na ƙare rayuwata ina auna waƙa, na san baitin da aka yi da ji, na san wanda aka yi da ido. Wannan mai shi ya tsaya a wurin, ya duba kare, ya duba baka, ya ƙirga.

"Intalla, ina ka samo wanga?"

"Shekaranjiya, wata rijiya wajen Tagris. Wasu mutane na tarar, suna yi suna dariya." Ya dube ni, ya daina kwance igiya. "Sun kai talatin. Raƙumansu ba kaya, ba mace ko guda cikinsu. Ban kwana wurin ba."

Na tura Halimatu ta gaya wa mai unguwa a tara maza su biyo ni. Na san rabinsu suna gonaki masu nisa wajen sussuka, kafin a haɗa su rana ta yi nisa. Na hau jakina na kama hanya. Na bar jan tudu a hannun dama, kamar yadda kowa a ƙasar nan ya iya yanzu.

Na isa bayan azahar. Komai yana nan lafiya, har na ji haushin lafiyar. Shanu sun kewaye komi, Safi na ƙofar bukka da jariri, fatar ragon na bisa ƙaya. Hama na bakin rijiya. Na faɗa masa komai a tsaye, ban ko gaishe shi ba, na ce mu kora yanzu.

Ya saurara har na gama, kamar kullum. Sannan ya nuna shanun da haɓa.

"Yau ranar ruwansu ta. Kwana biyu ba su sha ba. Ko da sanda ka kashe su ba su barin bakin komi sai sun sha."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Saniyar da ta ji ƙanshin ruwa da ƙishirwar kwana biyu ba ta koruwa, in ka matsa mata sai garken ya watse cikin daji. Rijiyar kuma mai zurfi ce, guga guda ake zurawa, takarkari ya tafi da igiya har ƙarshenta ya dawo. Ba a yi mata gaggawa. Rabin garken ma bai sha ba.

Na tuɓe riga na kama takarkarin, Hama na karɓar guga yana juyewa. Muka yi ta yi. In tafi, in dawo, igiya na kuka a kan itacen bakin rijiya. Duk tafiya ina duban arewa, duk dawowa ina duban hanyar gari. Ba kowa ta ko'ina. A nan Hama ya gaya mini cewa washegarin suna mutum biyu sun zo bisa raƙuma, suka ce ƙishirwa, ya ba su nono. Masu ladabi ne, in ji shi, har suka yi wa jariri addu'a.

Rana ta karkata, saura shanu kamar ashirin, sai karen ya tashi da ƙafarsa uku ya tsaya yana duban arewa, bai yi haushi ba. Shanun da suka sha suka ɗaga kai gaba ɗaya. Can nesa, bayan kwarin, tsuntsaye suka tashi daga itatuwa.

Hama ya karɓi igiyar takarkarin daga hannuna.

"Ɗauki Safi da yaro bisa jakinka. Ku bi cikin kwari, kada ku hau tudu."

"Taho mu tahi, Hama. Bar shanun. Ni zan hwaɗa ma gari ni na ce ka bari."

"Amana ce anka ba ni," ya ce. "In sunka iske ba kowa, sawu za su bi. In sunka iske ni ina ja, shanu za su tsaya kamawa."

Na aza Safi bisa jaki na miƙa mata yaron. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Na koma wurinsa ina son in ce ya yafe mini. Ni Sallau, mai magana a kan komai, bakina ya mutu. Shi ya yi maganar.

"Su sunka rera mani waƙar, baƙin nan. Da ban ji ba." Ya zura guga, ya ɗan yi murmushi yana kallon cikin rijiya. "Ta yi daɗi, Sallau. Ni tunda nike ban taɓa jin sunana cikin waƙa ba."

Na ja jaki muka shiga kwari. Ina tafe ina jin kukan igiyar a bayanmu, ta yi ƙara in takarkari ya tafi, ta yi shiru, ta sake. Na riƙe sautin nan da kunnena kamar mai riƙe hannun wanda ke nutsewa, ina ce wa kaina muddin ina jin sa Hama na tsaye. Muka wuce gawo na ƙarshe, muka wuce wata busasshiyar ƙorama, yana nan yana raguwa. Ya yi shiru, na jira ya sake. Na tsayar da jakin na jira.

Safi ta gyara wa yaron zane, ta ce da ni a hankali, "Mu tahi. Ya gama."